Antonofka: tuffar da sanyin Rasha ya kasa kashewa

Duk wanda ya taɓa sayen tuffa, wadda muke kira pom, a kasuwar Maraɗi ko ta Yamai, ya san baƙuwa ce, cikin kwali take zo mana daga nesa. Dalili kuwa shi ne itacenta ba ya yin fure sai ya sha ɗaruruwan awoyi na sanyi kowace shekara. Amma idan sanyin ya wuce kima, shi ne ajalinsa. A watan Janairu na 1940 sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili a birnin Mosko, itatuwan lambuna masu yawa suka mutu. Ke nan mai lambu a Rasha, kafin ya tambayi zaƙin iri, sai ya tambayi juriyarsa.

A nan ne Antonofka ta yi suna. Tsohon iri ne wanda ya yaɗu daga yankin Kursk tun ƙarni na 19. Itacen yana jure matsanancin sanyi, kuma cutar da ke sa wa ganye da ƴaƴa baƙin tabo ba ta cika cin ƙarfinsa ba. Ƴaƴan kore ne da ke komawa ruwan ɗorawa, masu tsami da ƙamshi mai cika ɗaki. Ana tsinke su daga Satumba, a adana don cin lokacin sanyi. Wasu a jiƙa su cikin ganga, wasu a yi alewar da ake kira pastila, wadda garuruwan Kolomna da Belyof suka shahara da ita. Marubuci Iban Bunin ma da sunan tuffar ya laƙaba wa wani labarinsa a 1900.

Sai dai ba ta rasa aibu ba. Mai lambu kan jira shekara 7 ko 8 kafin ya ɗanɗana, itacen kan cika bana ya huta baɗi, ƴaƴan kuma ba su cika wuce wata 3 a ajiya ba. Ɗan kasuwar da ya yi jinkiri, hasara ta same shi.

Babbar darajarta tana cikin ƙasa. Ƙwayarta kan tsiro kusa da kamannin uwa, abin da ba safai ake gani ga tuffa ba, saiwarta kuma tana nitsawa sosai. Don haka masu renon itace a Amurka da Kanada suke ɗora mata reshen iri mai zaƙi, kamar yadda muke yi wa mangwaro aure. Mai saye zaƙin reshe yake yabo, amma mai lambu ya san saiwar Antonofka ce ta fid da itacen daga sanyi.