Kufai yana da magada: darasin da finafinan ɓatattun birane ke koya wa matasan Damargu

Fim ɗin Black Panther da ya fito a 2018 ya tara sama da dalar Amurka biliyan 1.3 a kan labarin Wakanda, ƙasar da ba a taɓa yin ta ba. Wannan adadi ya faɗo mini a rai a wata rumfar cajin waya kusa da tashar Tanut, inda na tarar da samari sun yi cincirindo kan waya guda, suna kallon fassarar wani fim na masu neman birnin da rairayi ya binne. Sun haddace sunan jarumin da na mugun. Da na tambaye su labarin Tagelel da Jajiduna, tsoffin garuruwan Damargu, sai aka yi tsit. Kallon bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne darasin da irin waɗannan finafinai ke cusawa, wato kufai ba shi da mai shi, duk wanda ya riga tonawa shi ke da dukiya.

Darasin tsoho ne, kuma an san inda aka haife shi. Littafin King Solomon's Mines ya fito a 1885, shekarar da Turawa suka kammala taron Balin na rabon Afirka. A 1919 Pierre Benoit ya rubuta L'Atlantide, aka mayar da shi fim a 1921, inda hafsoshin Faransa suka iske sarauniya Antinéa a ɓoye cikin duwatsun Hoggar. A 1957 John Wayne ya tashi daga Tumbuktu neman ɓataccen birni a fim ɗin Legend of the Lost, birnin kuma ya zamo na Rumawa. Zubin guda ne har zuwa kan Indiana Jones da The Mummy: baƙo ne ke riƙe da taswira, ɗan ƙasa jagora ne ko ɗan dako, abin ƙasaita kuwa in an same shi a hamada, to wasu ne daga nesa suka gina.

Ana yawan ɗora alhakin yaɗuwar irin waɗannan labarai a kan wayar hannu da masu tura finafinai da masu fassara su da Hausa. Waɗannan hanya ce kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa ita ce yadda tarihin Damargu ya kuɓuce daga bakin 'ya'yansa. A ƙarni na 19 wannan ƙasa ce rumbun Abzin. Geronta ke ciyar da mutanen duwatsu, ayarin Kano da Damagaram kuma ta nan yake bi zuwa Agadas, Gat da Tarabulus, ɗauke da fatu da gashin jimina. Dagira da Hausawa na noma, Abzinawa na riƙe da raƙuma da tsaron hanya, Fulani na kiwo. A Tagelel ne, cikin Janairun 1851, matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya rabu da abokin tafiyarsa James Richardson. Richardson ya nufi Damagaram ya rasu kafin ya isa Kukawa, Barth ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. A 1899 rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ta ratsa ƙasar daga arewa. Daga nan zamani ya juya: a 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya ta faɗa wa Tarabulus, fataucin hamada ya durƙushe. Yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1913 da 1914, sannan farin 1973 da na 1984. Kowane bala'i ya tashi garuruwa, ya bar rijiyoyi da kushewu.

Ga labari mai ayari da madugu da hari da yunwa da hijira, amma ina yake a ajiye? Yana cikin littafin Barth, da binciken Stephen Baier kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar da Turanci, da rubuce-rubucen André Salifou da Faransanci, sai kuma ƙirjin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron Belbeji ko Gangara da bai yi nisa a lakwal ba ba shi da ƙofar shiga waɗannan littattafai. Fim ɗin waje kuwa ya zo masa da harshensa, cikin aljihunsa. Ƙasar da ta haifi masu shirya fim Mustafa Alhasan da Umaru Ganda ta bar wa wasu aikin ba 'ya'yanta labarin hamada.

Illar ba ta tsaya a rashin sani ba. Tun da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten a 2014, na'urar gano ƙarfe ta zama kayan sana'ar matasa da yawa, hanyar arewa kuma ta Tanut take bi. Idan na'ura ta haɗu da tunanin cewa kowane kufai taska ce, mun san abin da ke biyo baya, domin mun gani a Bura, can yammacin ƙasa. An gano wurin a 1975, Bube Gado ya yi tono na ilimi a 1983, daga baya masu haƙar sata suka yi wa kaburburan kaca-kaca, har kayan Bura suka shiga jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari wanda majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000. Tukunyar da aka fizgo daga ƙasa ba tare da an rubuta zurfinta da abin da ke kewaye da ita ba, ta daina magana har abada. Akwai dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka ba ta gadin daji.

Wasu za su ce nishaɗi ne kawai, talauci ke sa haƙa ba silima ba, Wakanda ma ta ɗaga darajar baƙar fata. Akwai gaskiya a ciki. Yunwa ce ke miƙa wa mutum diga, kuma yaron da fim ya sa shi mamakin abin da ke ƙarƙashin rairayi ya fi wanda bai taɓa tambaya ba. Sai dai fim ne ke gaya masa yadda zai kalli abin da ya tono, alfahari da ƙasar ƙage kuma ba ya cike gurbin sanin garin kakanni.

Abin takaici, na gaskiyar ya fi na ƙagen daɗin ji. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno ya ci karo a 2000 da maƙabarta mai kaburbura kusan 200, ta mutanen da suka yi kamun kifi a bakin tafki mai dorina da kada, wasunsu kusan shekara 10,000 da suka wuce. A wani kabari an tarar da mace da yara biyu rungume da juna. A jiharmu akwai Kufan Kanawa, da tsoffin wuraren narkar da ƙarfe na Termit. Jami'ar André Salifou ta Damagaram na da ɗaliban tarihi, gidajen rediyon karkara na da masu sauraro, samarin da ke tura finafinai sun iya haɗa hoto da murya. A haɗa su, a fara da ɗaukar muryar dattawan Tanut da Tarka da Olelewa tun suna raye, su faɗi wanda ya haƙa kowace tsohuwar rijiya da shekarar da aka tashi daga kanta. Yaron da ya ji cewa kakarsa ce ke kwance a kufan bayan gari ba zai kai masa diga ba.