Yadda Ake Yanka Wa Masu Gidajen Motsa Jiki Iyaka A Amurka

A ƙasar Amurka, wanda ke son buɗe gidan motsa jiki ba lalle ne ya ƙago sunan kansa ba. Ya kan tafi wurin babban kamfani ya biya kuɗi, a ba shi izinin aiki da sunan kamfanin, sa'an nan ya riƙa biyan wani abu kowane wata. Kamfanin Curves, wanda aka kafa domin mata a Teksas cikin 1992, ya soma ba da irin wannan izini cikin 1995, cikin 2006 kuwa rassansa sun kai wajen 10,000.

To, abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu gare shi, shi ne maganar iyaka. Mutum ba ya doguwar tafiya don ya ɗaga ƙarfe, gidan da ke kusa da shi nan zai shiga. In kamfani ya ba wani izini a titin baya, ashe an raba wa na farko cinikinsa biyu ke nan, alhali kuwa kamfanin yana karɓa daga hannun kowannensu.

Waɗansu kamfanoni su kan zana da'ira bisa taswira, mil kaza daga ƙofar gidan. Wannan da sauƙi, amma da'ira ba ta san kogi ba, rabinta ya kan faɗa hayin da ba mai ƙetarowa. Waɗansu su kan bi lambobin gidan waya, ko manyan hanyoyi. Waɗansu kuwa mutane su ke ƙidayawa, watau yanki ya tsuke cikin birni, ya yi faɗi a karkara. Mu dai mun fi ganin hikimar ƙidayar, ko da yake gari ya kan ƙaru bayan an sa hannu.

Hukumar Ciniki ta Tarayya ta kafa doka wadda ta soma aiki cikin 1979, aka gyara ta cikin 2007. Dole kamfani ya miƙa wa mai saye takardar bayani mai sashe 23, kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya kuɗi. Sashe na 12 shi ke maganar iyaka. Dokar ba ta tilasta a ba kowa yanki ba, sai dai in babu, a faɗa masa a fili.

Ko wanda aka ba ma, sai ya karanta a tsanake. Sau da yawa kamfani ya kan keɓe wa kansa otal-otal, da filayen jirgin sama, da jami'o'i, da darussan da a ke koyarwa ta intanet, ko suna tsakiyar yankin. Iyakar kuma ba ta hana wani kamfani dabam kafa nasa gidan a ƙofar mutum. Wanda ya karɓi yanki babba bisa alkawarin buɗe gidaje kaza cikin shekara kaza, in ya makara, ana iya ƙwace sauran a ba wani.