Dokar Kare Mata Tana Nan, Amma Ina Aka Kwana?

Masu karatu waɗanda suka manyanta ba za su manta da irin fargabar da aka shiga a birnin Ankara daga 1997 zuwa 2001 ba, lokacin da ake wayar gari a tsinci gawar mace a yashe a bakin hanya, musamman a wajajen Mataheko da Dansoman. Matan da suka halaka ta haka sun haura 30. Abin ya kai har mata suka fito zanga-zanga, maganar kuma ta shiga yaƙin zaɓen 2000. A tsakiyar wannan tashin hankali ne, cikin 1998, rundunar 'yan sanda ta buɗe sashe na musamman don ƙararrakin mata da yara, watau WAJU, wanda daga baya aka sake masa suna ya koma DOVVSU.

To, amma kisan kan titi shi ne wanda ido ke gani. Wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna cewa cikin kowaɗanne mata 3 a Gana, ɗaya ta taɓa shan duka, galibi kuwa a hannun na gida. Wannan ya sa ƙungiyoyin mata suka haɗa kai suka tsaya sai an yi doka. Ba a sha da daɗi ba. An kwashe shekaru ana ja-in-ja, musamman a kan batun miji ya tilasta wa matarsa kwanciya, har wasu manya suna cewa dokar baƙuwa ce, za ta kashe aure. Sai a watan Fabrairun 2007 Majalisa ta zartar da ita, lokacin Hajiya Alima Mahama tana ministar harkokin mata da yara, Shugaba Kufuor kuma ya sa hannu. Ita ce Doka ta 732.

Ya kamata mu san abin da ke cikinta, domin da yawa a zangunanmu ba su sani ba. Ba duka kaɗai ta hana ba. Ta haɗa da tsoratarwa, da cin zarafi da baki, da ƙwace wa mace dukiyarta ko hana ta abin da yake hakkinta. Ta kuma shafi 'yar aiki da ke zaune a gidan. Kotu tana iya ba da umarnin kariya, ta hana mai laifin kusantar wadda ya cuta. Wanda aka kama da laifi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Kuma ba dole sai ita matar ce za ta kai ƙara ba. Maƙwabci ko ɗan'uwan da ya san abin da ke faruwa yana da ikon kaiwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiwatarwa. Ƙa'idojin da za a bi a yi aiki da dokar sosai ba su fito ba sai 2016, bayan shekara 9 ke nan. Dokar ta ce a yi wa wadda aka raunata magani kyauta, ta kuma kafa asusun taimako, amma asusun ya daɗe ba a zuba masa abin kirki ba. Ga yadda abin kan kasance: mace ta je ofishin 'yan sanda, a ba ta takardar asibiti, ta kai wa likita, a ce sai ta biya ɗaruruwan sidi kafin ya cika ya sa hannu. Idan babu takardar nan, shari'a ba ta da ƙafa. Mai sayar da koko ko waken safe a Nima ko Aboabo, ina za ta samo wannan kuɗi, alhali sau da yawa wanda ya dake ta shi ne mai riƙe da aljihun gidan? A nan ƙararraki da dama suke mutuwa.

Sauran kuwa mu muke kashe su da hannunmu. Da zarar an ji yarinya ta doshi DOVVSU, sai iyaye da dattawa su yi ca, wai ta tona asirin gida, ta kai uban 'ya'yanta gaban hukuma. A je a roƙi 'yan sanda a janye magana, a kai gaban sarkin zango ko liman, a ce ta yi haƙuri. Ba mu raina sulhu ba, ita kanta dokar ta yarda kotu ta bari a sasanta idan abin bai yi tsanani ba. Amma ta ware mai tsanani. Wadda aka karya wa hannu, ko aka zare wa wuƙa, maganarta ta wuce zaure.

Sarakunanmu da limamanmu su ne matar ke fara kai wa kuka, tun kafin ta san hanyar ofishin 'yan sanda. Muna roƙonsu, idan suka ga rauni, su sa a raka ta asibiti da DOVVSU a ranar, kwamitin masallaci kuma ya ɗauki kuɗin takardar likita. 'Yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'unmu a Ayawaso da Asawase kuwa, mu tambaye su nawa aka sa wa asusun nan a kasafin kuɗin bana, nawa kuma aka fitar.