4.3 Maƙalewa da Ɓacewar Taga a Manhajar Tace Bidiyo

A sashen da ya gabata an nuna yadda aikin tace bidiyo ya tashi daga kaset zuwa kwamfuta. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, da kaset ake aiki, kuma manhajar Adobe Premiere ba ta fito ba sai 1991. A yau kuwa, mai ɗaukar bidiyon biki ko saukar karatu ko naɗin sarauta a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa yana iya tace aikinsa da kwamfutar tafi-da-gidanka. Wannan sashe zai duba wata matsala da ke tattare da aikin, wato maƙalewar taga ko ɓacewarta.

Abin da ake nufi da taga a nan shi ne kowane akwati mai kusurwa huɗu da manhaja ke buɗewa a kan allon kwamfuta, kamar na kallon hoto, da na daidaita sauti, da na jera gutsattsarin bidiyo. Asalin kalmar daga Larabci take, aka faɗaɗa ma'anarta daga tagar ɗaki zuwa wannan. Faɗaɗawar ta dace, domin duka biyun ta cikinsu ake leƙa abu.

4.3.1 Dalilan Matsalar

Kwamfuta tana riƙe mazaunin kowace taga ne da lambobi, tana ƙirga ɗigo-ɗigon allo daga kusurwar sama ta hagu. A ɗauka mai tacewa a Tudun Wada ya jona kwamfutarsa mai faɗin ɗigo 1366 da talabijin, ya ja tagar kallon hoto zuwa can domin dangin ango su gani. Mazaunin tagar ya zarce ɗigo na 1366 ke nan. Idan aka ɗauke wuta, talabijin zai mutu, kwamfutar kuwa ta ci gaba da batirinta. Wani lokaci muddin waya tana jone, kwamfutar za ta ɗauka allon na biyu yana nan. Ko an zare wayar ma, manhajar takan sake buɗe tagar a tsohon mazaunin da ta adana. Ke nan tagar ba ta lalace ba, tana wurin da ido ba ya gani ne kawai.

Nau'i na biyu ya fi ruɗarwa. Akwai ƙananan tagogin tambaya, irin wadda ke neman a tabbatar da adana aiki, waɗanda ba sa barin a taɓa komai sai an amsa musu. Idan irin wannan ta buɗe a allon da ba ya nan, duk inda aka latsa sai a ji ƙara kawai, har mutum ya yi zaton manhajar ta sandare, alhali amsa take jira. A nan ne hasara take aukuwa. Wanda ya kashe kwamfutar da ƙarfi zai rasa duk abin da bai adana ba, wataƙila aikin yini guda, ga masu biki suna jira. Wani ma yakan ɗauki kwamfuta lafiyayya tun daga Doguwa, ya ratsa dajin Falgore zuwa Kano wajen masu gyara, a goge masa komai a sake ɗora wa.

Na uku shi ne sandarewa ta gaskiya, wadda nauyin aiki ke jawowa. Windows takan dusashe tagar, ta rubuta a samanta cewa ba ta amsawa.

4.3.2 Hanyoyin Gyara

Abu na farko, kada a kashe komai. Idan akwai wuta, a sake kunna talabijin ɗin a jawo tagar da linzamin kwamfuta. Idan babu, a zare wayar, a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi zaɓi na farko, wato allon kwamfutar shi kaɗai. Sau da yawa wannan ya wadatar.

In ba ta dawo ba, a riƙe Alt ana danna Tab har a kai kan tagar, sannan a danna Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama. Tun daga Windows 7 ta 2009 wannan yake ɗauke taga daga wani allo zuwa wani. Akwai kuma tsohuwar hanya: Alt tare da dogon maɓallin tazara, sai harafin M, sai a danna kibiya sau ɗaya. Daga nan tagar ta manne wa linzami, da an motsa shi za ta biyo shi, a latsa a ajiye ta. Wannan hanya ba ta aiki a kan tagar da aka buɗe ta cika allo, sai an rage ta tukuna. Game da tagar tambaya da ta ɓuya, danna Esc yakan soke ta. Ya fi Enter aminci, tun da ba a ga abin da ake amincewa da shi ba.

Ƙananan tagogin cikin manhaja ba kullum suke jin waɗannan umarni ba. A Premiere Pro, danna Alt da Shift da sifiri yana mayar da su tsarin da aka adana, DaVinci Resolve ma tana da irin wannan umarni a jerin Workspace. Idan duk ya faskara, ana rufe Premiere Pro a sake buɗe ta ana riƙe da Alt, domin goge zaɓuɓɓukan da ta adana. Wannan ba ya taɓa bidiyon, sai dai mai tacewa zai sake saita manhajar yadda ya saba.

Sandarewa ta gaskiya kuwa haƙuri take fara buƙata, musamman lokacin fitar da dogon bidiyo. Sai an jira ba ta farfaɗo ba ake danna Ctrl da Shift da Esc a rufe ta, sannan a nemi kwafin da manhajar ke adanawa da kanta lokaci-lokaci. Windows 11 ta 2021 ta rage matsalar ɓacewar, domin tana tuna mazaunin tagogi gwargwadon allon da aka jona, amma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar ta.