Sabar Da Ke Cinye Ƙwaƙwalwarta

Shafin intanet da ke buɗewa nan take da safe, amma zuwa la'asar ya kama jan ƙafa, ba kullum ne laifin netwok ba. Sau da yawa ciwon yana cikin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

A yawancin sabobi akwai uwar manhaja da ke tayar da ƙananan manhajoji, huɗu ko takwas ko fiye, waɗanda masu wannan sana'a ke kira ma'aikata. Su ne ke amsa duk wanda ya latsa shafin. Kowane aiki ya zo, ma'aikaci zai ari wani yanki na RAM, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, ya mayar idan ya gama. To, in an yi kuskure wajen rubuta manhajar, ba duka yake mayarwa ba. Tamkar yaron mai tuwo ne da kullum yake baro kwano ɗaya a rumfunan kasuwa: ba wanda zai lura, sai ranar da ga tuwo a tukunya, babu abin zubawa.

Idan RAM ta ƙare ƙaf, tsarin Linux da ke tafiyar da sabar ba ya lallashi. Yakan zaɓi manhaja guda, galibi wadda ta fi cin wuri, ya kashe ta ba sallama. Abin takaici, wani lokaci rumbun bayanai irin su MySQL ne ke shan dukan, alhali ba shi ya yi ɓarnar ba.

Shi ya sa ake riga Linux, a sauya ma'aikaci tun kafin RAM ta ƙare. Wasu ƙirga suke yi: manhajojin sabar irin su Gunicorn da PHP-FPM da Apache duk suna ba ka damar cewa ma'aikaci ya sauka bayan ya amsa buƙata kaza, a ce 500, a tayar da sabo. A ukun nan kuwa wannan tsari a kashe yake zuwa, sai mai sabar ya kunna da kansa. Wasu awo suke yi: manhajar PM2 tana leƙa ƙwaƙwalwar duk bayan daƙiƙa 30, ma'aikacin da ya haura iyakar da aka sa masa a sauya shi. Ni dai na fi yarda da awo, don buƙata ɗaya mai nauyi tana iya cin abin da ɗari ba su ci ba.

Sauyin ma yana da ladabinsa. A bar ma'aikaci ya ƙarasa aikin da ke hannunsa, kada a katse wa mai biyan kuɗi ana tsakiyar ciniki. Kada kuma duk su sauka lokaci guda. Saboda haka ne Gunicorn yake iya ɗora wa kowanne ɗan ƙari na kan mai uwa da wabi, ƙidayarsu ta saɓa.

Sai dai fa wannan dabara kwantar da ciwo take yi, kuskuren yana nan daram a cikin manhajar. Mai kula da sabar ya riƙa duba sau nawa ake sauya ma'aikatansa. In jiya sau biyu ne a wuni, yau ya koma duk rabin sa'a, to ya nemo wanda ya rubuta manhajar ya zo ya gyara aikinsa.