Rams A Kakar 2017: Kocin Da Ya Zo Da Sabon Harshe

A ranar 12 ga watan Janairun 2017, ƙungiyar Rams ta birnin Los Angeles da ke Amurka ta damƙa ragamar horar da 'yan wasanta a hannun wani matashi mai suna Sean McVay. Shekararsa 30 a lokacin, kuma a tarihin gasar NFL na wannan zamani ba a taɓa ɗora wa mai ƙarancin shekaru irin nasa wannan nauyi ba. Ƙungiyar da ya gada kuwa a kwance take magashiyan. A kakar 2016 wasa 4 kawai ta ci, ta sha kaye a 12, ita ce ta ƙarshe wajen tara maki cikin ƙungiyoyi 32, kuma rabon da ta kammala kaka nasarorinta sun fi faɗuwarta yawa tun 2003. Cikin shekara guda sai labari ya sha bamban: ta ci 11 ta faɗi 5, kuma makin da ta tara ya tashi daga 224 zuwa 478, wato daga kurar baya ta koma ta ɗaya.

Sana'ata nazarin harshe ce, kuma ta wannan ƙofa na shiga labarin, domin a ganina babban abin da McVay ya sauya a ƙungiyar nan shi ne yadda ake magana a cikinta.

Mai karatu, wannan wasa ba ƙwallon ƙafar da muka saba kallo ba ne, duk da cewa Amurkawa da sunan suke kiran sa. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗauka ko a jefa, kowane ɓangare mutum 11. Ana ba masu kai hari dama huɗu su ci yadi 10 na fili. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya samu maki shida. Abin lura shi ne, bayan kowane yunƙuri sai wasa ya tsaya, 'yan wasa su haɗa kai, jagoran harin, wanda suke kira kwatabak, ni kuwa zan kira shi madugu, ya faɗa musu dabarar da za a bi. Daƙiƙa 40 ake ba su tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Ke nan a kowane wasa akan furta umarni sama da hamsin, kuma kowane ɗaya jimla ce da dole mutum goma su fahimce ta daidai, cikin hayaniyar dubban 'yan kallo.

Waɗannan jimloli suna da ƙamusinsu da nahawunsu, kuma ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Akwai tsarin da ake dangantawa da Don Coryell, wanda ke amfani da lambobi, kowace lamba tana gaya wa mai cafe ƙwallo hanyar da zai bi. Akwai na Erhardt da Perkins, inda kalma guda ke ɗauke da dabara sukutum. Akwai kuma na Bill Walsh, mai dogayen jimloli, inda ake jero kalmomi kowacce da wanda take yi wa magana. Daga wannan gida na uku McVay ya fito, domin a hannun Jon Gruden ya fara aiki a Tampa Bay a 2008, sannan ya goge a Washington. Mu a fagenmu wannan shi ne harshen rukuni, kamar na 'yan kasuwar shanu ko na mahauta, sai dai nasu ya fi kusa da zaurance, tunda an gina shi ne don na gida ya ji, na waje ya ji amma kada ya gane. Saboda haka idan aka ce an sauya koci, ana nufin an sauya wa mutum 53 harshen aiki, kuma watanni kaɗan suke da su kafin a fara jarraba su a bainar jama'a.

Wanda nauyin ya fi hawa kansa shi ne madugu Jared Goff. Shi aka fara zaɓa cikin dukkan sababbin 'yan wasan 2016, amma wasa bakwai da ya jagoranta a shekarar duk faɗuwa aka yi, har an fara raɗe-raɗin cewa an yi asarar zaɓi. A nan ne McVay ya nuna wayonsa. Tun 1994 dokar gasar ta yarda a sa rediyo a hular kwanon madugu don koci ya riƙa yi masa magana, amma ana katse layin da zarar saura daƙiƙa 15. Galibin ƙungiyoyi kan cinye lokacin wajen haɗa kai. McVay sai ya sa yaransa su yi sauri su jeru, masu tsaron abokan karawa su ma dole su jeru, shi kuma daga gefen fili ya karanta tsayuwarsu ya raɗa wa Goff abin da ya gani tun layi bai yanke ba. Goff sai ya ɗaga murya ya sauya dabara da kalma ɗaya. An ji shi yana kiran sunaye irin su Obama da Elvis, waɗanda ba ruwansu da masu sunan, alamu ne kawai da aka yi yarjejeniya a kansu.

Dabara ta biyu ta fi burge ni. Ya rage yawan sifofin tsayuwa, ya sa dabaru masu yawa suna farawa da kama ɗaya. Kamar dai garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo: a rubuce ba ka raba su, sai an furta. Mai tsaro zai ga an miƙa wa Todd Gurley ƙwallo kamar zai ruga da shi, ya taho da ƙarfinsa, ashe ƙwallo na hannun Goff, ya jefa ta bayansa.

Sakamako bai ɓata lokaci ba. A wasan farko sun lallasa Indianapolis da 46 da 9. A watan Oktoba, a filin Twickenham na Landan, sun ci Arizona 33 ba ko ɗaya. A Disamba suka je har gida suka doke Seattle da 42 da 7, ƙungiyar da ta daɗe tana taka su. Gurley, wanda ya yi gudun yadi 885 a 2016, ya kai 1,305. Goff ya yi jifa 28 da suka haifar da maki shida-shida, 7 kacal abokan karawa suka tare. McVay ya zama gwarzon koci na shekara.

Ba zan ce magana kaɗai ta yi wannan aiki ba. An ɗauko Andrew Whitworth daga Cincinnati, tsohon hannu mai shekara 35, ya tsare wa Goff bayansa. An kawo Robert Woods da Cooper Kupp don cafe ƙwallo. Sannan yaron nan ya san iyakarsa, ya miƙa sashen tsaro kacokan ga Wade Phillips, dattijon da ya cika shekara 70 a 2017, wanda yake da Aaron Donald a hannu.

Masu suka sun ce Goff aku ne kawai, abin da aka raɗa masa yake maimaitawa. Ni ban ga aibu a nan ba. Duk mai koyon sabon harshe yakan bi ta hannun tafinta, kuma malamin da ya san ɗalibinsa bai ƙware ba ya ƙyale shi ya yi ta inda-inda a gaban jama'a, bai kyauta ba. Inda sukar take da gaskiya shi ne, tafinta ba ya bin mutum ko'ina. Kakar 2017 ta ƙare musu ne a zagayen farko na wasannin sili-ɗaya-ƙwale, inda Atlanta ta ci su 26 da 13 a gidansu bayan ƙwallo ya suɓuce musu sau biyu tun da farko. Amma ainihin jarrabawar ta zo ne a wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2019. Bill Belichick na New England ya shirya masu tsaronsa su nuna tsayuwa ɗaya, su jira rediyo ya yi shiru, sannan su rikiɗe. Goff ya rage shi kaɗai da idonsa. Maki 3 Rams suka samu, aka ci su 13.

Daga nan dangantakar ta yi ta sanyi, har a 2021 aka musanya Goff da Matthew Stafford na Detroit, kuma da Stafford McVay ya ɗauki kofin a Fabrairun 2022. Goff kuwa ya je ya koyi wani harshen a Detroit. A Janairun 2024 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a sili-ɗaya-ƙwale, McVay yana gefe yana magana a kunnen wani, Goff ya fitar da Rams da 24 da 23, nasarar farko irinta da Detroit ta gani cikin shekara 32.