Bakin Shugaba Da Aikinsa: Darasin Sabo Bakin Zuwo Ga Jega, Aliero Da Maiyama

Daga Wakilinmu

A manyan biranen duniya akan zaɓi mutum guda a ɗora masa nauyin kasuwanni da tituna da tsabtar gari, shi ne wanda ake kira magajin gari. A nan Nijeriya wanda ya fi kusa da wannan matsayi shi ne shugaban ƙaramar hukuma, watau ciyaman. Shi ne shugaban da talaka ke iya gani da idonsa, ya ji muryarsa a wurin ɗaurin aure ko a bakin kasuwa, ba sai ta akwatin rediyo ba. Saboda wannan kusanci, abin da jama'a suka fi riƙewa game da irin wannan shugaba shi ne yadda yake magana. A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, idan aka zauna hirar shugabanni za a ji ana cewa wane ya iya baki, wane kuwa ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban taro. Da wuya a ji wanda ya kawo lissafin abin da kowannensu ya karɓa da abin da ya kashe.

Idan ana neman misalin shugaban da bakinsa ya ɗaukaka shi, kuma bakin nan nasa ya rufe sauran tarihinsa, to da ƙyar za a sami wanda ya kai marigayi Alhaji Aliyu Sabo Bakin Zuwo na birnin Kano. Gwamna ya yi, ba ciyaman ba, amma siyasarsa ta cikin gari ce, ta unguwa da lungu da dandali, har ma sunan unguwarsu, Bakin Zuwo, shi ya zama sunansa. Don haka labarinsa ya shafi duk wanda ke riƙe da gari a yau.

Daga NEPU Zuwa Gidan Gwamnati

An haifi Sabo a shekarar 1934. Bai yi zurfi a karatun boko ba, sai da ya girma ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Tarbiyyar siyasa kuwa ya same ta ne a hannun Malam Aminu Kano, a cikin jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a shekarar 1950. A wannan makaranta ba a koyar da karanta jawabi daga takarda. Ana koyon tsayawa ne a gaban ɗinki da maƙera da 'yan koli, a yi musu bayanin haraji da jangali da zaluncin masu mulki cikin Hausar da suke ji, da habaici da barkwanci, har su tashi suna maimaita abin da aka faɗa.

Da aka koma mulkin farar hula a shekarar 1979, Sabo ya ci zaɓen Majalisar Dattijai a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya zama Gwamnan Jihar Kano a wannan jam'iyya. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta rabu gida biyu, 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu, da 'yan Santsi da suka bi Rimi. Sabo ya zama babban bakin 'yan Taɓo, kuma rediyo ne fagen da ya fi ƙwarewa a kai. Abin da a yau ake kira sojojin baka a gidajen rediyon Kano, to Sabo yana cikin waɗanda suka share musu hanya.

Malam Aminu ya rasu ran 17 ga watan Afrilu, 1983. Rimi ya sauka daga kujera ya koma jam'iyyar NPP domin neman zagaye na biyu, Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. A zaɓen watan Agusta na wannan shekara aka kara tsakanin mutum biyu da kowa ya san bambancinsu. Rimi ya yi karatu har Ingila, kuma idan ya kama Turanci 'yan jaridar Ikko kan saki baki suna saurare. Sabo kuwa Turancinsa abin ba'a ne a ofisoshi da makarantu. Da aka ƙidaya ƙuri'a, Sabo ne ya yi nasara, aka rantsar da shi ran 1 ga watan Oktoba, 1983.

Labarun Da Suka Rufe Mutum

Har yau, idan aka ambaci sunansa a gaban ma'aikata ko ɗalibai, dariya ce ke fara fitowa. Labarin da aka fi yayatawa shi ne na ɗan jaridar da aka ce ya tambaye shi da Turanci irin ma'adinan da ke ƙasar Kano. Da yake kalmar da Turawa ke kiran ma'adinai da ita, ita ce kuma 'yan Nijeriya ke kiran lemon kwalba da ita, sai aka ce gwamnan ya shiga lissafa Fanta da Coca-Cola da Mirinda. Irin waɗannan labaru suna da yawa, kuma kowane mai ba da su yakan ƙara musu gishiri.

Amma fa mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, mutanen da suka jefa masa ƙuri'a ba da Turanci ya yi musu magana ba. A harshensu shi gwani ne, kuma sun fahimce shi sarai. Dariyar da 'yan boko ke yi masa ta fi bayyana nisan da ke tsakaninsu da talakawa, fiye da yadda ta bayyana wani aibu nasa. Na biyu, wannan dariya ta sa an manta da ayyukan da ya kamata a auna shi da su, masu kyau da marasa kyau.

Watanni uku kacal ya yi a kan mulki. A cikinsu ya rushe sababbin masarautun da Rimi ya ƙirƙira a ƙasar Kano, matakin da ya faranta ran wasu ya ɓata ran wasu. Ya kuma rufe gidan siliman Palace da ke cikin birni, wanda mutanen unguwa suka daɗe suna kuka da shi, aka mai da shi asibiti. Asibitin haihuwa ne a Jakara da ke ɗauke da sunansa, kuma mata da yawa da suka sauka lafiya a cikinsa ba su taɓa jin labarin lemon kwalba ba.

Ran 31 ga watan Disamba, 1983, sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, Manjo-Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Hukumomin soja suka ba da sanarwar cewa an sami tsabar kuɗi Naira miliyan 3.4 a gidan Sabo. Nan ma aka sami abin dariya, domin ana ba da labarin ya ce ai kuɗin gwamnati ne a gidan gwamnati. Kotun soja ta musamman dai ta yanke masa ɗaurin da jimlarsa ta kai shekara 300. An sake shi a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ya kuma rasu a watan Fabrairun 1989. Abin tambaya a nan babba ne: ta yaya kuɗin jama'a masu yawa haka suka bar baitulmali ba tare da wani akawu ko mai binciken kuɗi ya tsaya ya ce a'a ba? Wannan tambaya ta shafi ma'aikata kai tsaye, amma barkwanci ya haɗiye ta.

A Wasu Ƙasashe Ma Haka

Kada a ɗauka wannan hali namu ne mu kaɗai. Boris Johnson ya riƙe birnin Landan daga shekarar 2008 zuwa 2016, kuma da raha da kwaɓa magana da hargitsattsen gashi ya sayi zukatan mutane, har ya zama Firayim Ministan Ingila a 2019. A 2022 ya sauka, a 2023 kuma wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya same shi da laifin yaudarar majalisa da gangan. Shi wannan ya yi karatu a jami'ar Oxford, saboda haka ba rashin Turanci ne ya kai shi ƙasa ba.

A ƙasar Filifin kuwa Rodrigo Duterte ya yi fiye da shekara ashirin yana magajin garin Davao. Zagi da barazana a bainar jama'a su ne tambarinsa, magoya bayansa kuma suna ganin wannan alama ce ta mutum mai gaskiya wanda ba ya tsoron kowa. Ya zama shugaban ƙasa a 2016, dubban mutane suka mutu a yaƙin da ya ce yana yi da masu ƙwaya, a watan Maris na 2025 kuma aka kama shi aka kai shi Kotun Duniya ta manyan laifuka da ke birnin Hague. Waɗanda suka ɗauki barazanarsa wasa ce sun gane daga baya cewa abin da yake faɗa shi yake nufi.

Wani Misali Daga Gida

Mutanen Jega suna da nasu misalin na wani irin salon magana dabam. Farfesa Attahiru Muhammadu Jega, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i kuma tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ya riƙe Hukumar Zaɓe ta Ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Ran 31 ga watan Maris, 2015, ana cikin tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, wani tsohon minista, Godsday Orubebe, ya riƙe lasifika yana ɗaga murya yana zarginsa da son kai, duk ƙasa tana kallo a talabijin. Farfesa ya bar shi har ya gama, sa'an nan ya amsa ƙorafinsa ɗaya bayan ɗaya cikin sanyin murya, ya tuna masa cewa shi dattijo ne da ya kamata ya kula da halinsa a gaban jama'a, aka ci gaba da aiki. Abin da ya ba maganarsa nauyi a ranar shi ne kowace kalma tana da takarda da lamba a bayanta, wanda ya so ya bincika.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Saurare

Dalilin tayar da wannan zance yanzu shi ne kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 21 daga cikinsu a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 27 ga watan Agusta, 1991. Kasonsu a asusun tarayya ya kai kashi 20.6 cikin ɗari. Ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa shugabannin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Duk da jan ƙafar da aka samu wajen aiwatar da hukuncin, ya nuna inda aka dosa: nauyi zai ƙara komawa kan ciyaman, uzurin cewa kuɗi na hannun jiha kuma zai ragu.

Tsarin mulkin 1999 ya fayyace ayyukan ƙaramar hukuma. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar makarantun firamare da ƙananan asibitoci da noma. Waɗannan su ne ma'aunin. Ɗan kasuwar Jega, garin da ya shahara da ciniki tun ƙarni na 19, yana so ya san nawa ake tarawa na kuɗin rumfa da na tasha, kuma ina suke tafiya. Manomin albasa a Aliero, wanda kayansa ke ruɓewa kafin farashi ya tashi, yana so ya ji abin da aka tanada na wurin ajiya da hanyar fito da kaya daga gona. Mutumin ƙauyukan Maiyama yana so ya iske magani da ma'aikaci a ɗakin shan magani, da malami a cikin aji.

A zamanin Sabo sai gidan rediyo ya ga dama ake jin muryar ɗan siyasa. Yau kuwa kowane yaro da wayar hannu zai iya naɗar jawabin ciyaman ya watsa a WhatsApp kafin a tashi daga taro. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to yanzu bunun ma ajiye shi ake yi. Wannan dama ce ga ɗalibai, musamman na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero. Maimakon yaɗa wurin da shugaba ya yi tuntuɓen harshe, su ajiye wurin da ya yi alkawari, da ranar da ya yi shi, da adadin kuɗin da ya ambata, bayan shekara guda su je su duba. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata-wata, saboda haka lissafin ba ɓoyayye ba ne.

Su kuma ma'aikata, daga sakatare zuwa ma'aji zuwa akawun da ke rubuta takardar biya, su tuna cewa ba a fitar da ko sisi sai da sa hannun wani. Wanda ya yi dariyar Turancin maigidansa a bayan ido, ya kuma sa hannu a takardar da ya san ba ta kan ƙa'ida, to yana da nasa kaso a cikin laifin.

Iya magana baiwa ce, kuma shugaban da ke iya yi wa jama'arsa bayani cikin harshensu ya fi wanda ke ɓuya a bayan Turanci. Rashin iya ta kuma ba ya hana mutum gina asibiti. Abin da ya wajaba a kan mutanen Jega da Aliero da Maiyama shi ne idan ciyaman ya gama jawabi an gama tafi, a sami wanda zai miƙe cikin ladabi ya ce, ranka ya daɗe, nawa aka karɓa a watan jiya, kuma me aka yi da su? Allah ya ba mu shugabanni masu cika alkawari, amin.